Na sayi kaso a Disney Vacation Club, me ya sa abinci ke cinye mini aljihu?

Malam, ka ce duk shekara kana biyan kuɗin kula da masauki a wannan tsari na kamfanin Disney da ake sayen kaso a masaukansa na hutu, amma da ka zauna cin abinci da iyali a Walt Disney World, wurin shaƙatawar kamfanin da ke kusa da birnin Orlando a Amurka, sai ka ga kamar ba mamba ba ne kai. Gaskiyarka, sai dai koma ka duba takardar da ka sa wa hannu. Abin da ka saya maki ne na kwana a ɗaki, zuwa shekarar da yarjejeniyar za ta ƙare, wasu 2042. Rangwamen abinci, wanda yawanci kashi 10 cikin 100 ne a wasu gidajen cin abinci, ihsani ne kawai, kamfanin na iya janye shi duk ranar da ya ga dama. Ya ma taɓa yi: tun Afrilun 2016, wanda ya sayi makinsa a hannun wani mamba ba ya samun waɗannan alfarmomi. Katin rangwamen abinci na Tables in Wonderland mai rage kashi 20 kuwa, tun rufewar korona a 2020 ba a dawo da shi ba.

Ni dai da ni ne kai, ɗaki mai kicin zan kama. Akwai murhu da firji da tukwane. Ka yi odar shinkafa da ƙwai da burodi daga kantunan Orlando, a karya kumallo a ɗaki, a cusa abincin rana a jaka. Ana barin shiga wuraren wasan da abinci, ban da kwalbar gilashi da giya. Ruwan ƙanƙara kuma kyauta ne a wuraren sayar da abincin tafi-da-gidanka, roƙa kawai za ka yi.