Mama Za Ta Fara Kimo, Kuma An Ce Ba Za A Kwantar Da Ita Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Nas. An yi wa mahaifiyata aikin sankarar mama, yanzu za ta fara karɓar maganin kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, duk bayan mako uku. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne an ce ranar da aka saka mata maganin za mu koma gida. Ni ce mai jinyarta. Wane taimako za mu samu daga ma'aikatan jinya, kuma me ya rage a wuyana?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kada sallamar ta tsorata ki, haka ake yi wa yawancin masu wannan cuta. Sai dai mu 'yan awanni kawai muke ganin ta, ƙarfin maganin kuwa a gida yake sauka, a gabanki.

Kowane zuwa, za mu auna nauyinta, mu duba sakamakon gwajin jini kafin a ɗaura mata ruwa. Idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, likita zai ɗaga ranar, kuma wannan ba alamar cutar ta yi nasara ba ce. Cikin magungunan da aka fi amfani da su akwai doxorubicin, ja ne jawur, yana rina fitsari kwana ɗaya ko biyu, don haka kada ku zaci jini ne. Amma in ta ji raɗaɗi ko ta ga kumburi a inda allurar ta shiga, ta yi magana nan take, domin in ya zuba a wajen jijiya yana cin nama. Na sha ganin iyaye mata suna cije leɓe wai kada su dame mu. Ki gaya wa Mama nan ba wurin kawaici ba ne. Ki kuma tunatar da nas ɓangaren da aka yi aikin, in an cire kaluluwar hammata, a nemi jijiya a ɗaya hannun.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye garkuwar jikinta take faɗuwa ƙasa warwas, sau da yawa a daidai lokacin da take cewa ta fara jin sauƙi. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki tun yau. Da zarar ya nuna digiri 38, ko ta kama rawar sanyi, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ki ba ta farasitamol ki jira gari ya waye, zai rufe zazzaɓin ne kawai ƙwayar cuta na ci gaba a cikin jini. Kuna isa ki ce tana kan kimo, ki faɗi ranar da ta karɓa na ƙarshe, saboda irinta ba a barin ta a layi. Shi ya sa kafin ku bar ɗakin magani ranar farko, ki tsaya sai an ba ki lambar da za ki kira, ki tambayi wa ke ɗauka da dare.

Maganin tashin zuciya a sha shi kan lokacin da aka rubuta, kada a jira amai ya fara. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magungunan, ondansetron, yana taurara bayan gida, in hakan ta faru ki sanar da mu. Gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, kuma yana dawowa in an gama. Idan aka koma wani maganin kimo mai suna paclitaxel, ki riƙa tambayarta ko yatsunta na mutuwa ko suna tsikari, domin likita na iya rage yawan maganin. Cikin awa 48 na farko bayan kowane zagaye, ki sa safar hannu in za ki kwashe amai ko fitsari. Duk wani sassaƙe ko ƙarin magani da 'yan dubiya suka kawo, ki nuna mana tukuna.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru kullum, ki zo da shi. Sannan wani lokaci ki ɗan fita ki bar ta da nas. Akwai tsoro da tambayoyi kan jikinta da uwa ba za ta iya furtawa a gaban ɗiyarta ba, mu kuwa sauraron su yana cikin aikinmu. Ki sake rubuto mini bayan zagayen farko in ji yadda ta ƙara ji da jiki.