Tambaya da Amsa: Yawan ɗigon na'urar dashen kunne ne ke sa yaro ya fahimci magana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara huɗu ya kurumce wata uku da suka wuce bayan ya yi sanƙarau. Likitoci a Abuja sun ce sai an dasa masa na'urar ji a cikin kunne. An ce mana wayar da ake zurawa iri-iri ce, wata mai ɗigo 22, wata mai 12. Mai 22 ɗin ba ita ce ta fi ba? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Yawan ɗigo ba shi ne ma'auni ba. Can cikin kunne akwai wani bututu da ya nannaɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi, tsawonsa kusan milimita 35 a yawancin mutane. Bakinsa ne ke karɓar siraran sautuka irin su "s" da "sh", can ƙuryarsa kuma kaurara. Wayar da ake zurawa tana ɗauke da ɗigo-ɗigon ƙarfe, kowanne yana taɓa jijiyar ji da ɗan lantarki a daidai wurinsa. Kamfanin Cochlear yana sa 22, Advanced Bionics 16, MED-EL 12. Sai dai bututun cike yake da ruwa, lantarkin kuma bazuwa yake yi a ciki, sai ɗigo ya shiga hurumin maƙwabcinsa. Shi ya sa gwaje-gwaje suka nuna cewa ga mutane da yawa fahimtar magana ba ta ƙaruwa sosai in ɗigon da ke aiki ya wuce wajen takwas.

Abin da ya fi yawan ɗigo tasiri shi ne inda wayar ta kwanta. Akwai miƙaƙƙiya mai laushi da ke bin bangon waje, tsawonta daga milimita 20 zuwa 31 da rabi. Doguwar takan kai kusa da ƙurya, wurin kauraran sautuka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Bahaushe, domin karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya, kuma karin sauti yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu irin wannan na'ura. Akwai kuma lanƙwasasshiya da ke rungumar ginshiƙin tsakiya, kusa da jijiya. Ita lantarki kaɗan take buƙata, bazuwarsa ma da sauƙi, amma tsininta kan iya naɗewa wajen zurawa, abin da hoto a ɗakin tiyata zai nuna a gyara nan take. Cikin bututun a rabe yake hawa-hawa, kuma kowacce waya aka zaɓa, dole ta zauna a hawan ƙasa. In ta huda fatar da ta raba hawa-hawan ta haura sama, takan lalata ragowar ji, magana kuma ta zo a cakuɗe.

Ga ɗanki kuwa, abin da ya fi damunmu shi ne sanƙarau ɗin. Bayan wannan ciwo ƙashi yakan fara tsirowa a cikin bututun, wani lokaci cikin makonni kaɗan, ya toshe hanya. In ya toshe, doguwar waya mai laushi ba za ta shige ba. Sai likita ya huda ƙashin ya sa gajera ko mai ɗan tauri, wani lokaci ma mai reshe biyu, sakamakon kuma ba ya kai na wanda aka yi wa da wuri. Don Allah kada ku ɓata watanni kuna kwatanta kamfanoni. A ɗauki hoton CT da na MRI yanzu, na biyun ne ke nuna ko har yanzu da ruwa a ciki. Ki tambayi likitan tiyata: nawa ne tsawon bututun ɗana, ƙashi ya fara, kuma wace waya ta biyu za a ajiye a ɗakin tiyata in ta farko ta ƙi shiga?

Ɗanki yana da babbar dama tunda ya riga ya iya magana kafin ciwon. Ana kunna na'urar mako biyu zuwa huɗu bayan aiki, sannan a riƙa komawa saiti sau da yawa a shekarar farko, inda za a iya kashe duk ɗigon da ke sa fuska motsi ko bai shiga ciki ba. Ku tabbatar tun yanzu wa zai riƙa yi muku saitin, kuma zirga-zirgar Jos zuwa Abuja za ta yiwu a kai a kai.