Tambayoyinku: iska ta kayar da turaku, wuta ta dawo ta ƙona mana kaya

Tun da hadarin farkon damina ya fara tasowa, yawancin saƙonnin da ke shigo mini daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ne. Ga uku daga ciki.

Tambaya: Malam, ni manomi ne a yankin Giwa. Iska ta karya mana turakun wuta, muka daɗe cikin duhu. Ranar da aka dawo da ita na jona waya da talabijin, sai na ji ƙauri, duka suka mutu, alhali ina da sitabilaiza. Me ya jawo haka?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Wutar da ke shiga gidajenmu bolt 230 ce. Daga taransifoma wayoyi huɗu ke fitowa, uku masu ɗauke da wuta, ta huɗun ita ce masu gyara ke kira nutiral. Tsakanin kowace biyu daga cikin ukun nan akwai bolt kusan 400. Idan iska ta tsinke nutiral, ko aka yi kuskuren haɗi wurin gyara, sai wutar ta rabu ba daidai ba: wani gida fitila ta yi ja kamar garwashi, maƙwabcinsa kuma ta zo masa da ƙarfin da ya doshi 400. Da alama gidanka na biyun ne.

Sitabilaiza yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma yana ɗan jinkiri kafin ya gyara. Tsawa kuwa, idan ta faɗa kan layi, kafin ya motsa ta gama ɓarna. Don haka da ka ga gabas ta yi baƙi, zare filogi daga soket gaba ɗaya. Kashe makunni kawai bai isa ba. Haɗa da kebul ɗin eriya ko na dish, nan ma hanya ce. Idan an ɗauke wuta, a bar komai a cire. In ta dawo, ba ta minti goma sha biyar, ka jona sitabilaizan shi kaɗai ka duba lambar da yake nunawa ta wutar da ke shigowa. Ta haura 250? Cire shi ka haƙura. Kada ka dogara da ƙwan fitilar zamani, domin yakan yi haske iri ɗaya ko wutar ta yi yawa ko ta yi kaɗan.

Kafin ka yanke ƙauna da wayar, gwada wata cajar. Sau da yawa cajar ce ke ƙonewa ta bar wayar lafiya. In ta ƙi, kai ta wurin masu gyara a unguwar PZ da ke Zariya.

Tambaya: Yaya, daga Soba nake. Na sayi fawa bank an rubuta 20,000mAh, har da ɗan gilashin sola a bayansa, amma da ƙyar yake cika wayata sau ɗaya. An cuce ni ne?

Amsa: Ina jin an cuce ki, ƙanwata. Ko na gasken ba ya ba da duk abin da aka rubuta. Batirin cikinsa bolt 3.7 ne, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya shiga waya, a nan ake yin asara. Kusan kashi biyu cikin uku ke isa wayar. Duk da haka, 20,000 na gaske zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu har da ragi. Ki auna shi a hannu: na gaske yana da nauyi, ya haura gram 300.

Gilashin nan na baya kuwa kwalliya ce. Sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, zafin kuma yana kashe batirin. Gara ki nemi farantin sola na daban mai wat 20 da ramin USB, ki shanya shi a tsakar gida, fawa bank ɗin yana inuwa. Wanda ya tuna Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka wuce mako guda babu wuta, ya san layin da aka riƙa yi a shagon masu caji.

Wani abu kuma: idan sabis ya yi rauni bayan ruwa, waya tana shanye caji wurin neman sa. Kashe data, ki mayar da ita kan 2G. Kira da saƙo da lambobin banki na tura kuɗi duk za su yi aiki.

Tambaya: Iska ta yaye mana kwano a Hunkuyi, ruwa ya jiƙa wayar maigidana. An ce mu binne ta cikin shinkafa.

Amsa: Hajiya, a bar shinkafar a dafa wa yara. Kamfanin Apple da kansa ya hana yin haka, saboda ƙurarta na iya lalata wayar. A kashe wayar, a cire layi da memori, a goge ta, a ajiye inda iska ke kaɗawa kwana biyu, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba. Babban kuskure shi ne jona ta a caji don a ga ko tana aiki.

Tun da kwano ya yaye, a duba ko wayar wutar da ta shigo gidan ta tsinke. In tana ƙasa, kowa ya nisance ta da taku goma sha biyar ko da an ɗauke wuta, a tsare yara da awaki, a kira ma'aikatan wuta.