Rahoton kwamiti: a kawo yau, a amince yau?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Daura. Nakan ji a rediyo an ce kwamiti ya miƙa rahoto a majalisa, kafin la'asar har an amince da shi. Shin babu wasu kwanaki da doka ta ce a jira?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Kundin tsarin mulki na 1999 bai yanke kwanakin jira ba. Sashe na 60 ya bar wa Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon tsara yadda za su yi zamansu, sashe na 101 kuma ya ba majalisun jihohi irin wannan iko, har da tamu ta Katsina mai kujeru 34. Don haka wa'adin yana cikin littafin ƙa'idojin kowace majalisa.

Abin da aka saba mataki biyu ne. Shugaban kwamiti ya ajiye rahoton a gaban majalisa, a raba wa mambobi kwafi, sannan a sa shi cikin jadawalin wani zama, a bi shi sashe-sashe. Tazarar nan ce ke ba ɗan majalisa damar karantawa, ya tuntuɓi mutanen mazaɓarsa. Sashe na 103 ya hana majalisar jiha miƙa wa kwamiti ikon zartar da doka. Shawara kawai yake kawowa. To wanda bai karanta ba, da me zai auna shawarar?

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙudurin jingine ƙa'ida. Wani ya miƙe ya nemi a jingine, wani ya mara masa baya, a yi ƙuri'ar murya, shi ke nan an wuce. Idan ambaliya ce ko harin 'yan bindiga, ban ga laifi ba. Amma rahoton kasafin kuɗi, ko na dakatar da ɗan majalisa, a karɓa a zartar a zama guda? Wannan yana damuna ƙwarai, domin idan aka dakatar da ɗan majalisa, mazaɓa guda ce za ta wayi gari babu mai magana da yawunta. Majalisar Wakilan Amurka tun 2019 ta sa sa'o'i 72 kafin a duba ƙuduri, duk da su ma sukan jingine.

Kotu ba ta cika shiga harkar cikin gida ta majalisa ba, sai an taka kundin kansa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta soke tsige Gwamna Ladoja na Oyo a 2006 saboda an saɓa wa sashe na 188. Idan kana son tantance wani zama, nemi jadawalin ranar da bayanan zaman a ofishin akawun majalisa, ka duba ranar da aka ajiye rahoton da ranar da aka amince da shi.