Sunan Toyota da kuɗin da ake ɗora masa: amsa ga mai son sa mota a hanya

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da wannan tambaya: "Na tara 'yan kuɗi ina so in sayi mota in sa a hanya, ƙanen matata ya riƙa ja yana kawo balas. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi Toyota, amma da na zaga wurin dillalai na tarar kuɗinta ya zarce na sa'o'inta nesa ba kusa ba. Shin suna kawai ake sayar mana, ko da gaskiya a ciki? Kuma kuɗin hannuna bai cika ba, sai na ɗan taɓa jarin shago."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai gaskiya a cikin sunan, kuma zan gaya maka inda ta samo asali. Amma jimlarka ta ƙarshe ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar suna, don haka za mu dawo kanta.

Zai ba ka sha'awa ka ji cewa gidan Toyota daga sana'ar yadi ya taso, wato 'yan'uwanka ne a sana'a. Uban gidan, Sakichi Toyoda, injin saƙa yake ƙerawa a Japan. A 1924 ya kammala wani inji wanda da zarar zare guda ya tsinke sai ya tsaya da kansa. Kai ka fi ni sanin abin da hakan yake nufi: zare ɗaya ya tsinke ba a lura ba, inji ya ci gaba da gudu, bandir guda ya tashi aiki, kuma sai ya iso gaban mai saye sannan a ga aibun. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro shi ne ya karkata ga mota. Ya buɗe sashen ƙera motoci a cikin kamfanin saƙar a 1933, sannan a 1937 sashen ya tsaya da ƙafarsa da sunan Toyota.

Wannan ɗabi'a ta tsayar da aiki idan an ga kuskure ita suka ɗauka suka kai masana'antar mota. Ƙaramin ma'aikaci a layin haɗa mota yana da ikon jan igiya ya kira shugabansa, idan ba a warware matsalar nan take ba layin ya tsaya. Wani injiniyansu, Taiichi Ohno, ya shafe shekaru yana gina tsarin da ba a jibge kaya a sito, sai abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa. Ba dare ɗaya suka kai ba. Motar farko da suka kai Amurka a ƙarshen shekarun 1950, Toyopet Crown, ba ta da ƙarfin bin manyan titunan can, ba ta karɓu ba, dole suka janye ta suka koma suka sake shiri. Bayan nan ne Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50 a duniya. A maƙwabciyarmu Chadi, yaƙin da aka gwabza da Libiya a 1987 har yau Yaƙin Toyota ake kiransa, saboda a kan a-kori-kura ƙirar Toyota sojojin Chadi suka riƙa keta sahara. Suna irin wannan ba talla ce ta yi shi ba.

Sai dai kada wani dillali ya ce maka ba su taɓa kuskure ba. A 2009 da 2010 sun janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur da ke maƙalewa, har shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri. A 2014 sun biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 kan yadda suka ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. A Disambar 2023 kuma kamfanin motoci na Daihatsu, wanda mallakarsu ne, ya dakatar da fitar da motoci bayan an gano an yi shekaru ana maguɗi a gwajin lafiyar mota. Ko a cikin waɗanda suka cika titunanmu akwai masu laifinsu. Camry ta wajejen 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, kuma gaban motar na ciki yakan narke ya yi danƙo a zafin rana irin namu. Tambayi duk bakaniken da ya daɗe a sana'a, zai tabbatar maka.

To me kake saye da wannan ƙarin kuɗin? A ganina abu uku ne, kuma biyu daga ciki ba a jikin motar suke ba. Na farko ƙarkon inji da giya, idan an kula da su. Na biyu kayan gyara da masu gyara. Ka shiga Kofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ka nemi wani abu na Corolla ko Hiace, kafin ka gama faɗa yaro ya ruga ya kawo maka kala uku: sabo, na Beljiyam, da jabu. Mota ta tsaya wa direbanka a wani ƙauye tsakanin Zariya da Kwanar Dangora, da wuya a rasa wanda ya taɓa kwance irin injinta. Ga motar haya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar da ta kwana a gareji ana jiran kaya daga Legas, ranar ba balas, kuma gidan direba sai an ɗora tukunya. Na uku, ranar da ka so rabuwa da ita akwai mai saye. Kuɗin da ka ƙara a wajen saye, wani kaso nasa yana dawowa a wajen sayarwa. Saboda haka idan za a tambaye ni tsakanin Toyota mai lafiya da wata mota mai lafiya wadda kayanta ke wuya, zan ce a ƙara kuɗin a ɗauki Toyota.

Amma ka lura da kalmar mai lafiya. Kai ba sabuwa za ka saya ba. Motar da za ta zo hannunka ta yi shekara goma sha ko fiye a hannun mutanen da ba ka sani ba, kuma sunan kamfani ba ya goge abin da ta gani. Hasali ma saboda sunan ne ake samun yawan algus a kanta, tunda an san ko yaya take za ta shiga.

Na taɓa raka wani aminina duba wata Sienna a wurin wani dillali. Fenti yana ɗaukar ido, inji yana kaɗawa shiru kamar agogo, ciki yana ƙamshin turare. Aminina har ya fara maganar la'ada. Bakaniken da muka tafi da shi bai ce uffan ba. Ya tura kujerar direba baya, ya durƙusa, ya sa yatsa a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, ya ɗago ya nuna mana tsatsa. Ya ɗaga kafet ta gefen ƙofa, sai ga busasshen taɓo a kwance a lungu, fari-fari kamar garin ƙasa. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, can ƙasa akwai layin da ruwa ya tsaya ya bari. Motar ambaliya ce, ta kwana cikin ruwa a can ƙasar da ta fito, aka yi gwanjonta da arha, aka wanke aka shafa mata mai. Irin wannan za ta yi maka wata uku lafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, kuma ba mai iya gaya maka ranar da za ta daina cin kuɗi. Mun bar wurin ba mu saya ba.

Don haka ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba. A je da safe a tayar da injin yana sanyi. Ka sa ido lokacin da aka murɗa makulli kafin inji ya tashi: fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu. Idan ba su kama ba sam, wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi. A jona mata kwamfuta. A ɗauki lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 a bincika tarihinta a intanet, musamman idan daga Amurka ta fito, domin can ana rubuta haɗari da ambaliya da yawan tafiyar da ta yi. A tabbatar da takardun kwastan na gaske ne kuma lambar da ke ciki ita ce a jikin motar, don motar da aka kama a hanya da takardar bogi ba ta san sunan Toyota ba. Sannan ka guji wadda aka juya wa sitiyari. A Japan ta hagu ake tuƙi, sitiyarinsu yana dama, mu kuwa tun 1972 muka koma bin dama. Wadda aka yanke aka mayar da sitiyarinta hagu a wani gareji, ban yarda a ɗora mata rayukan fasinja ba.

Wace iri za ka saya kuma hanyar da za ta bi ce za ta faɗa maka. Ka je tashar da kake son sa ta, ka zauna da 'yan kamasho da direbobi wuni guda, ka ga wace mota ce ke cika da wuri, sawu nawa take yi, mai na nawa take sha zuwa da dawowa. A wasu hanyoyinmu Sharon da Golf ne ke riƙe da layi, ba Toyota ba, kuma akwai dalili. Sienna tana da daɗin zama, amma injinta babba ne mai silinda shida, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin kowace motar haya ya canza.

Yanzu mu koma kan jarin shago. A 1950 Toyota ta kusa rufewa, kuma ba don motocinta ba su da kyau ba. Kuɗi sun yi wuya a Japan, sun sayar da motoci bashi ana biya kaɗan-kaɗan, masu saye suka kasa biya, aka wayi gari ba abin biyan albashi. Bankuna suka ba da rance da sharaɗi, ma'aikata suka yi yajin aiki, kimanin mutum 2,000 suka bar aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabancin kamfanin da ya kafa. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar da aka fara Yaƙin Koriya a watan Yunin shekarar ita ta farfaɗo da su. Kamfani mai ƙera kaya nagari ya kusa mutuwa saboda kuɗin juyawa sun ƙafe. Shagonka da kuɗin juyawa yake numfashi. Idan ka zare su ka zuba a ƙarfe, azumi ya matso, sababbin kaya suka sauka, maƙwabcinka ya sara kai kana kallo, kwastomanka ya leƙo bai ga abin da yake so ba ya wuce gaba.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kai ka sa na gaskiya bayan ka dawo daga tasha. A ce mota ta tsaya maka a naira miliyan 10.5 har da takardu. A ce balas naira 25,000 ne a rana. Kada ka lissafa kwana 30, ka lissafa 20, saboda akwai ranar gareji, ranar rashin fasinja, ranar biki da ta rasuwa. Ka samu 500,000 a wata. Ware 150,000 don juyen baƙin mai, taya, burki, inshora, sabunta takardu da ajiyar ranar da inji zai nemi garambawul. Saura 350,000. Sai ka yi wata 30 kafin uwar kuɗinka ta dawo, shekara biyu da rabi ke nan, idan ba haɗari, kuma motar tana tsufa a hannunka. Ɗauki wannan ka auna da abin da miliyan ɗaya take haifa maka a shago idan ka juya ta sau uku ko huɗu a shekara. Yawancin 'yan kasuwar da na yi wa wannan lissafi sukan yi shiru na ɗan lokaci.

Batun ƙanen matarka kuwa, ban ce kada ka ba shi ba, taimakon ɗan'uwa lada ne. Amma motar haya a hannun direba take rayuwa ko ta mutu, kuma suruki yana da wuyar tuhuma. Ranar da ya zo ya ce yau ba a samu ba, kunya za ta hana ka tambaya, idan ka tambaya kuma maganar ta bi ka har cikin gida. Ku zauna gaban shaidu biyu a rubuta: nawa ne balas, wace rana ake kawowa, wa ke biyan ƙaramin gyara, wa ke biyan babba, wane gareji kaɗai za a kai ta. Juyen baƙin mai kai za ka sayi man da hannunka daga wurin da ka amince, domin jabun mai yana kashe injin Toyota kamar yadda yake kashe kowane inji. Abin da na ga ya fi zaunar da zumunci shi ne a yi yarjejeniyar cewa idan ya biya wani adadi cikin wani wa'adi motar ta zama tasa. Direban da ya san motar za ta dawo hannunsa ba ya faɗa wa rami da gudu.

Shawarata a taƙaice ga halin da kake ciki: kada ka taɓa jarin shago. Idan abin da ka tara bai kai Sienna ko Hiace mai lafiya ba, ko dai ka sauko ka ɗauki Corolla mai lafiya wadda kuɗinka zai saya har ya bar maka rarar gyaran wata uku, ko ka ƙara haƙuri zuwa bayan sallah ka cika daga riba. Idan ka dawo daga tasha da ainihin balas da kuɗin mai na hanyar da ka zaɓa, ka aiko mini da su tare da shekarar motar da ka gani, mu sake zama a kan lissafin kafin ka ba dillali ko kwabo.