Adireshin rukuni mai shela ne, ba akwati ba

Jiya da la'asar ka tare ni a bakin ƙofa ina sauri, ka ce: "Oga, adireshin imel da ma'aikata ke turo ƙorafi na rukuni ne, mu shida na sashen kwamfuta duk muna ciki. Na ƙara adireshin manhajar tikiti ya zama na bakwai, don kowane saƙo ya zama tikiti, wato ƙorafi mai lamba da za a bi har a warware shi. Yanzu ƙorafi ɗaya sai ya haifi tikiti uku ko huɗu. Ina na kuskure?" Na ce ka bari in zauna. To ga shi na zauna.

Ɗana, ba kai ka fara wannan ba, ni ma na yi shi da hannuna. Abin da ka manta shi ne adireshin rukuni ba ya ajiye komai. Mai shela ne: a faɗa masa magana, ya kwarara wa kowa, ya wuce. A Exchange ma, wato manhajar imel ta Microsoft, an raba su gida biyu, akwai rukunin rabawa wanda ba shi da akwati ko kaɗan, akwai kuma akwatin tarayya wanda saƙo ke shiga ya zauna. Ita kuwa manhajar tikiti, ko osTicket ce, ko Zendesk, ko RT, an gina ta ne a kan zaton cewa mutum ɗaya ya rubuto mata, ita kaɗai ta karɓa, kuma duk amsa ta hannunta za ta bi. Kai kuma ka zaunar da ita a tsakar zaure cikin mutum shida.

Ga yadda tikitin naka ke haihuwa. Manhaja tana gane cewa saƙo ci gaban tsohuwar magana ne ta hanya biyu: ko ta ga lambar tikiti a taken saƙon, ko ta duba bayanan da ke ɓoye a kansa, wato Message-ID da In-Reply-To da References. Idan mai ƙorafi ya rubuto, kwafi bakwai ke fita lokaci guda. Abokin aikinka ya ga nasa a waya, ya danna amsa wa kowa. Taken da ya amsa a kai ba shi da lambar tikiti, don kwafinsa bai bi ta manhaja ba. Wata manhajar za ta bi sawun References ta haɗa su, wata kuwa ba za ta iya ba, sai ta buɗe sabon tikiti ta rubuta sunan abokin aikinka a matsayin mai ƙorafi. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abokin aikin naka ya amsa wa mai ƙorafin shi kaɗai. Daga nan magana ta koma tsakaninsu, tikiti na nan a buɗe kamar ba wanda ya kula, ranar Litinin shugaba ya zo yana faɗa.

Gyaran ba wuya, sai dai mutane ba sa so. Ka mai da adireshin nan akwati na gaske, manhaja ce kawai za ta riƙa karanta shi. Ku shidan ku fita. Ita za ta sanar da ku idan tikiti ya shigo, ku amsa daga cikinta. Za a samu wanda zai ce shi ya saba gani a wayarsa. Ka ba shi haƙuri, ka kunna masa sanarwa. Idan shugaban sashe ya dage sai ya ga komai, ka buɗe masa asusu a manhajar ya yi ta kallo, amma kada ka mayar da shi cikin adireshin.

Akwai abin da bai same ka ba tukuna, kuma shi na fi ji maka tsoro. A wani kamfani da na yi wa aiki, wani sashe ya turo ƙorafi da adireshin rukuninsu ranar Juma'a da yamma, ashe an taɓa saka adireshin manhajarmu a cikin rukunin. Manhaja ta amsa: mun karɓi saƙonka. Rukuni ya rarraba amsar, kwafi ya dawo mata. Ta ɗauka sabon ƙorafi ne, ta buɗe tikiti, ta sake cewa mun karɓa. Ka san gaisuwar dattawa a bakin masallaci, ina gajiya, ba gajiya, ina gida, lafiya lau, a sake komawa kan gajiya? Su dattawa suna rabuwa idan an kira salla. Na'ura ba ta rabuwa. Muna gida muna hutun ƙarshen mako, akwatunan mutanen sashen suka cika maƙil.

Maganin wannan an rubuta shi tun 2004 a ƙa'idar RFC 3834: duk amsar da na'ura ta aika da kanta ta ɗauki alamar Auto-Submitted, kuma kada na'ura ta amsa saƙon da ke ɗauke da ita. Ka tabbata manhajarka tana yin biyun, tana sakawa kuma tana dubawa. Ka ƙara mata da List-Id da Precedence mai cewa bulk ko list, wato alamomin da ke nuna saƙon na rukuni ne ko na jama'a da yawa: saƙon da ya zo da su a buɗe masa tikiti idan ana so, amma ba amsar atomatik. Sannan ka koya mata duk sunayenta. A RT wurin sunansa RTAddressRegexp; nan za ka zuba kowane adireshin da ke ƙarewa a cikinta, har tsofaffin da aka daina bugawa a katin ofis, don kada ta aika wa kanta wasiƙa.

Amma ka kula, tsaron nan yana da nasa cizon. Zendesk idan ya yi zargin saƙo na na'ura ne, sai ya jefa shi cikin tikitin da aka dakatar, kuma bayan kwana 14 ya goge. Ƙorafi na gaske da ya biyo ta jerin aikawa, wato adireshin rukuni irin naku, yana iya kwana a can ba wanda ya sani. Ka sa wa kanka leƙa wurin kowace safiya.

Sai batun wane ne ya rubuto. A Afrilun 2014 Yahoo ya tsaurara ƙa'idarsa ta DMARC, wato tsarin tantance ko saƙo daga inda ya ce ya fito yake, ya ce duk saƙon da ke ɗauke da sunansa amma bai ci jarrabawar tantancewa ba a ƙi karɓa. Jerin aikawa da yawa suka rikice, don suna sake tura saƙon mutum daga sabarsu, suna kuma taɓa taken ko ƙasansa. Tun daga nan manhajojin jerin aikawa irin su Mailman da Google Groups kan cire adireshin mai aikowa su sa na rukunin a madadinsa idan buƙata ta taso. Sakamakon a wurinka: mutum ashirin su rubuto, manhaja ta ga mutum ɗaya. Adireshin na gaske yakan koma Reply-To, a Google Groups kuma akwai X-Original-Sender. Idan manhajarka na iya karanta su, ka saita ta. Idan ba ta iya ba, wannan ma wani dalili ne na cire rukunin daga gabanta.

Idan mai ƙorafi ya saka rukunin sashensu a layin kwafi (CC), ni ba na hanawa, amma mai tikiti dole ya zama mutum mai suna. Kuma duk ranar da amsa ta ƙunshi kalmar sirri ko maganar albashi, ka cire rukunin da hannunka kafin ka danna aikawa. Ba ka san mutum nawa ke bayan adireshin ba, ba ka san ko wanda aka sallama bara yana ciki ba.

Kafin ka taɓa na gaske, gwada. Ka buɗe ƙaramin rukuni, ka saka Gmail ɗinka da adireshin manhaja na gwaji, ka kunna amsar hutu a Gmail ɗin, ka aika saƙo ɗaya. Ka jira minti 10 kana kallon jerin tikiti, hannunka na kusa da maɓallin da ke tsayar da ɗauko saƙo. Idan ɗaya ya tsaya ɗaya, ka zo ka same ni mu sauya na gaske ranar Talata da safe. Ba ranar Juma'a ba.