Tambayi Anti: furen da amarya za ta riƙe a bikin hunturu

Salam Anti, bikina watan Janairu ne a Landan in sha Allah, kuma ni furen fiyoni (peony) nake so in riƙe ranar dina, amma mai haɗa fulawa ta faɗa min kuɗin da sai da na zauna. Dan Allah wane fure ake samu lokacin sanyi?
Wata amarya, Landan

Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya sa alheri. Gaskiya ki haƙura da fiyoni, lokacinsa a Ingila Mayu da Yuni ne, wanda za a kawo miki a Janairu daga nesa yake zuwa a jirgi shi ya sa ya yi wannan tsadar. Ki nemi ranunkulus, ganyensa ninki-ninki kamar fiyonin, a hoto ma ba kowa zai bambance ba, ki haɗa da anemoni fari mai baƙin tsakiya, wallahi kan farin leshi ba a magana. Tulif na Holan ma ya fara shigowa a watan. Akwai narsisus fari da ake nomawa a tsibiran Sili da ke kudu maso yammacin Ingila, sai dai ƙamshinsa da ƙarfi, ga turaren wuta ga humra, ni dai ba zan haɗa su ba.

Furen helebo (hellebore) kuwa duk kyansa saurin yaushi gare shi, ki bar shi.

In kina iya sammako ki je kasuwar furanni ta New Covent Garden da asuba, kwana 2 kafin biki, ki yanke gindinsu a karkace ki tsoma a ruwa, ki ajiye nesa da hita.